Bangon da Baba Bulo Bai Cika Ba

Duk wanda ya taɓa shiga gidan Baba Bulo ya san abu ɗaya: da ka tsallake bakin ƙofa, wayarka ta zama abin ado. Ba caji ne ke ƙarewa ba, sabis ne ke tsayawa a waje ya ƙi shiga. Shi kuwa mai gidan, maimakon abin ya dame shi, har wani ɗaga kafaɗa yake yi. Shekara arba'in da biyu ya yi yana gina wa mutane gidaje, kuma da ya zo gina nasa, sai ya huce haushin duk wanda ya taɓa ce masa ya rage siminti. Kowane ramin bulo ya cika shi da kankare, ya zura rodi a ciki, ya shimfiɗa ragar ƙarfe kafin filasta. Ƙofofin ma na ƙarfe ya sa, har na ɗakunan kwana. 'Ya'yansa banki suke kiran gidan, shi kuma yakan ce a kawo bankin a gwada a gani.

Alfaharin nan bai taɓa cutar da kowa ba sai da Inna ta kwanta. Inna matarsa ce, uwar 'ya'yansa biyar. Wata huɗu da suka wuce ta zame a banɗaki, ƙashin ƙugunta ya karye. An yi mata aiki, aikin bai kama yadda ake so ba, likita ya ce kada a kuskura a ɗaga ta daga gado sai ya ba da izini. Ɗakinta kuwa shi ne mafi nisan hanya a gidan: daga falo sai ka bi wani dogon lungu, ka sha kwana biyu, ka tura ƙofar ƙarfe biyu.

Ana cikin haka Auta ta haihu. Auta ita ce ƙaramarsu, ma'aikaciyar jinya ce a wata ƙasa mai nisan da jirgin sama ma sai ya yada zango kafin ya kai. Haihuwar fari, namiji, kuma uwarta ba ta ji muryarta kai tsaye ba ko sau ɗaya. Baba Bulo ne ke fita bakin titi ya amsa waya, sannan ya ɗauko saƙo ya kawo ciki. A gini gwani ne, amma a isar da saƙo Allah bai ba shi ba.

"Me ta ce?" Inna za ta tambaya.

"Tana gaishe ki."

"Malam, rabin awa ka yi a waje. Gaisuwar ce rabin awa?"

"To, ta ce yaron yana lafiya."

An gwada ɗaukar murya da hoto a shigo mata da su. Hoton sai ta kalla ta ce wannan ai duk jarirai haka suke a takarda. Muryar kuwa ta fi ba ta wahala, don takan manta ta riƙa amsawa, ta yi tambaya, muryar ta wuce abinta ba ta tsaya ba. Daga nan sai Inna ta juya fuska bango. Makonni biyu ke nan abinci yana shiga ɗakin yana fitowa kusan yadda ya shiga. Da ya matsa mata, abin da ta ce ke nan: "Ni dai in yi magana a amsa mini. In ga yaron nan yana motsi." Baba Bulo bai faɗa wa kowa ba, amma tsoro ya kama shi sosai, don ya ga irin wannan juya fuskar a wurin mahaifiyarsa, kuma ya san inda ta ƙare.

Auta ce ta nemo mafita. Ta aiko da kwamfutar cinya ta hannun wani matafiyi, ta yi magana da wani kamfanin intanet su zo su haɗa. Ta ce ranar Asabar tana hutu, za ta kira ƙarfe huɗu daidai na yammacinsu, in ta wuce kuma sai bayan kwana goma, don an mayar da ita aikin da ba ta da sararin kanta.

Ranar Asabar, sai bayan ƙarfe ɗaya aka buga ƙofa. Ya buɗe yana tsammanin wani ƙato da igiyoyi a kafaɗa, sai ya ga mace, ba za ta wuce shekara talatin da biyar ba, da jakar kayan aiki da kwali biyu.

"Sannu Baba. Daga kamfanin intanet nake."

"Sannu 'yata. Ina mai aikin?"

"Ga ta a gabanka, Baba. Kana da tsani?"

Tambayar magini ko yana da tsani! Ya kawo mata har biyu ta zaɓa. Ya tsaya a ƙasa yana riƙe mata, yana jiran ya ga inda za ta yi kuskure, bai samu ba. Ta ɗaure wani farin faranti a gefen rufi, ta juya shi a hankali tana duba wani abu a hannunta, ta ɗaure kusoshin gam. Da ta sauko ya riga ya sa mata suna Injiniya, kuma a bakinsa wannan ba ƙaramar lambar yabo ba ce.

Ta zuro waya ɗaya ta tagar falo, ta jona ta da wani ɗan akwati baƙi mai ƙahoni biyu, wanda bai fi tafin hannunsa biyu ba. Ta ce sunansa rauta. 'Yan fitilu suka fara ƙifce-ƙifce a goshinsa. Sannan ta buɗe kwamfutar a kan tebur, can nesa da akwatin.

"To, ina wayar da za ta taho nan?" ya tambaya, yana nuna kwamfutar.

"Babu, Baba. Wayfai ke nan. Ta iska yake zuwa."

"Na san ana faɗa. Amma dai akwai abin da yake bi."

"Babu abin da yake bi. Zo ka gani."

Ta nuna masa wata 'yar alama a kusurwar allon, ɗigo ɗaya da layuka uku masu lanƙwasa a kansa, kowane ya fi na ƙasansa faɗi. Ta ce idan duk sun yi haske, abin ya iso da ƙarfinsa, idan sun dushe, bai iso ba. Ta taɓa alamar, sai ga jerin sunaye ya sauko. Baba Bulo ya sa tabarau ya karanta a hankali: Shagon Tela. Kemis Na Kwana. Gidan Sama. Wani kuma ya sa wa nasa Kada Ka Roƙe Ni.

"Waɗannan fa?"

"Na maƙwabtanka ne. Tunda muna kusa da taga, suna shigowa."

"Suna shigowa ina?"

"Nan. Falon nan."

Ya cire tabarau ya dubi falonsa. Kujeru uku, tebur, agogon bango, labule. Ya miƙa hannu ya shafa iskar da ke gabansa, ya dubi tafin. Telan nan da ba su ko gaisawa sosai, ashe kayansa na yawo a falon nan safe da yamma, suna wucewa ta gefen kunnensa yana shan shayi, shekara nawa oho. Da farko ransa ya ɗan ɓaci, don ba ya son a shigo masa gida ba sallama. Amma ɓacin ran bai daɗe ba, wani abu ya danne shi. Shi da ya ƙare rayuwarsa a kan abin da ake ɗagawa a ji nauyi, yau ana nuna masa cewa ɗakin da yake gani wayam a cike yake maƙil.

"Ikon Allah," ya ce a hankali. Ya sake cewa, "Kai, ikon Allah."

Injiniya ta ce ya zaɓi sunan da za a sa wa nasa. Bai yi dogon tunani ba ya ce a rubuta Gidan Bulo, ai gara telan ma ya san da shi. Ta sa shi ya zaɓi kalmar sirri, ta hana shi faɗa da ƙarfi, ta rubuta masa a takarda ya ninke ya sa a aljihun gaba. Layuka ukun nan suka kama, cif. Ƙarfe biyu da rabi.

"Saura ɗakin Mama," in ji ta.

Ta ɗauki kwamfutar a buɗe, shi yana gaba, yana waiwaye yana leƙen alamar. A bakin lungu layi ɗaya ya dushe. A kwana ta farko na biyu ya bi shi. Suna tura ƙofar ƙarfe, ɗigon ma ya mutu. Suka shiga ɗakin Inna da allo mai haske da alama babu rai.

Inna ta juyo da kai a kan matashi. "Sannu 'yar nan. Ke ce mai kawo mini Auta?"

"Da yardar Allah, Mama."

"To Allah ya ba ki sa'a. Gidan nan ko kiran sallah da ƙyar yake shigowa."

Suka buɗe duk ƙofofi suka tokare su, ba abin da ya canza. Injiniya ta koma falo ta ja akwatin iya tsawon wayarsa, bai kai ko bakin lungu ba. Ta ce doguwar waya tana ofis, ofis kuma ya rufe sai Litinin. Ta tsaya tana nazarin ginin, sannan ta dafa bangon falo na gabas.

"Baba, bayan wannan bangon ba ɗakin Mama ba ne?"

"Shi ne. Hanyar ce ta zagaya."

"To ai bango ɗaya ne tsakani. Ya kamata ya ratsa. Da me aka yi shi?"

Ya gaya mata. Dalla-dalla ya gaya mata, har da kaurin rodin, kuma ko a wannan halin sai da muryarsa ta ɗan yi sama. Ita kuwa tana ji fuskarta tana sauka. Ta ce ƙarfe shi ne babban abokin gabar abin nan, ragar da ya shimfiɗa kuwa kamar ya saƙa masa keji ne. Ta ce bari ta huda ƙaramin rami ta zura 'yar waya. Kowa ya san ba a taɓa buga ko ƙusa a bangon Baba Bulo ba, agogon ma a jikin katako yake rataye, amma ya ce ta huda. Injin hudarta ya yi kuka, ya yi ƙauri, bakinsa ya yi ja ya lanƙwashe. Ta sa na biyu, ya karye. Abin da ta samu bai fi zurfin gaɓar yatsa ba.

"Baba, ban taɓa ganin bango irin wannan ba."

Shekara talatin yana jiran wani ya faɗi wannan maganar. Yau an faɗa, kuma ji ya yi kamar an mare shi. Ya dubi agogo, uku da kwata. Da guduma da kurfi zai iya fasa shi, amma ya san aikinsa: sai ya kwana biyu yana dukan wurin, ƙurar kuma a kan Inna za ta sauka. Da hannunsa ya rufe matarsa a inda muryar 'yarta ba za ta iso ba.

"Ba ni kwamfutar," ya ce.

"Baba, na gwada ko'ina a ɗakin."

"Kin gwada ɗaki. Ba ki gwada bango ba."

Magini ba ya duba bango da ido daga tsakiyar ɗaki. Layi-layi yake bi, daga tushe zuwa sama, bulo bayan bulo. Haka ya yi. Ya durƙusa a kusurwar ɗakin Inna, ya kara kwamfutar a jikin bango, ya ja ta a hankali zuwa ɗaya kusurwar, idonsa a kan alamar. Ya ɗaga ta tsawon bulo ɗaya ya dawo. Ya sake ɗagawa ya koma. Inna tana binsa da ido.

"Malam, me kake nema a nan?"

"Ki bar ni tukuna."

Layi na biyar, babu. Na bakwai, babu. Gwiwoyinsa suna ƙara, gumi yana bin gemunsa. Ya jawo kujera ya hau, ya ci gaba da na sama. A layi na tara, daidai saman kan gadon, ɗigon ya yi haske. Ya tsaya cak. Ya matsa kaɗan, layi ɗaya ya kama. Ya ƙara gaba kamu biyu, ya mutu. Ya dawo, ya kama.

Ya miƙa wa Injiniya kwamfutar. Ya dunƙule hannu ya ƙwanƙwasa bangon a gefe, ƙarar ta mutu a wurin. Ya ƙwanƙwasa inda alamar ta kama, sai wurin ya amsa, ƙwal-ƙwal, irin amsar abin da cikinsa ba kowa.

Sai ya tuna, kuma ba abin da ya rage bai tuna ba. Yana kan wannan layin ne, da cokalin gini a hannu, aka zo da gudu aka ce Inna tana asibiti, haihuwar ta zo da gardama. Kankaren da ya kwaɓa ya bar shi ya bushe a ƙasa. Bulo huɗu ya ɗora a gurguje, ba rodi, ba ciko, ya diro ya tafi. Bayan kwana uku ya dawo da jaririya lafiya da uwa lafiya, kansa ba ya tare da shi, ya ɗora layi na gaba a kai ya rufe. Sai da ya zo filasta ya lura, ragar ma ba ta kai nan ba, ya shafe wurin ya yi shiru. Bai faɗa wa lebura ba, bai faɗa wa Inna ba. Shekara talatin da ɗaya, har shi kansa ya yarda bangon nan cike yake.

Ga shi wani abu marar hannu, marar ido, wanda ya shigo gidan yau da rana, ya lalube bangon kaf a cikin ƙiftawa ya gano bulo huɗun nan. Baba Bulo ya sunkuyar da kai. Kunya ce, amma mamakin ya fi kunyar yawa nesa ba kusa ba.

"Lafiya, Malam? Ka yi wani iri."

"Wurin nan fanko ne," ya ce. "Ban cika shi ba. Ranar da aka haifi Auta ne."

Inna ta dube shi, ta dubi bangon. Kafaɗunta suka fara rawa, sai ga dariya, 'yar siririya mai haɗe da tari, wadda bai ji irinta ba tun kafin ta faɗi. "Kai? Baba Bulo guda? Ashe duk cika bakin nan a ƙarƙashin rami nake kwana!"

"Ki yi dariyarki, kin samu."

"Baba, saura minti goma sha biyu," in ji Injiniya. "Layi ɗaya ba zai ɗauki hoto ba. Sai an kai akwatin daidai wurin ta ɗaya gefen."

Ya ƙirga bulo daga kusurwa, ya zagaya falo, ya sake ƙirgawa, ya ƙwanƙwasa, wurin ya amsa. Ya kafa gajeren tsaninsa, ya hau da akwatin. Wayar ta kai, da ƙyar, a miƙe tsam, sai dai wurin ya fi kan tsanin tsawo, ba abin da za a ɗora shi a kai, kuma ba lokacin kafa katako. Ya ɗaga shi da hannu biyu ya kara a bango.

"Biyu!" muryar Injiniya ta fito, kuma abin mamaki, ta cikin bangon ya ji ta, kusa da kunnensa. "Ɗan yi sama. Hagu kaɗan. Uku! Baba, tsaya nan, kada ka motsa!"

Bai motsa ba. Ya san ita ba za ta iya zuwa ta karɓe shi ba, don sai ta riƙe wa Inna kwamfutar a saitin wurin, kuma babu kowa a gidan sai su uku. Ya jingina goshi a filasta mai sanyi. 'Yan fitilun suna ƙifce-ƙifce a tsakanin yatsunsa, akwatin ya ɗan yi ɗumi, ban da wannan ba ya jin komai yana wucewa. Ya kasa kunne ko zai ji wani ɗan zuu, ko wani motsi a tafin hannu. Shiru. Amma ta nan, ta tsakanin hannuwansa, fuskar 'yarsa za ta bi.

Wata 'yar ƙara ta tashi a ɗakin, ta katse.

"Inna?" Muryar Auta ce, sak, kamar tana tsaye a bakin gado. "Inna, kina ganina? Wayyo Inna, haka kika rame?"

Shiru ya yi tsawo har ya ji tsoro ko hannunsa ya goce. Sai ya ji matarsa, da wata murya mai kauri wadda ya ɗauka ta tafi ke nan:

"Ke, tallafi kansa! Haka ake riƙe jariri? Sa hannunki a ƙeya. Yauwa. Ɗago shi in gani. Matso da shi."

"Inna, ni fa ma'aikaciyar jinya ce."

"Jinyar wasu. Wannan nawa ne. Kin ga ya buɗe ido? Ya ji ni! Wallahi ya ji ni, ga shi yana nema!"

Baba Bulo ya rufe ido. Mace tana kwance ba ta iya ko juyawa, ta yi magana a ɗakin nan, hannu ya motsa a bayan teku. Hawaye suka gangaro masa, ba hannun sharewa, ya bar su. Kafaɗunsa sun fara zafi, damatsansa suna rawa, ya ƙara danna akwatin a bango.

"Ina Baba?" Auta ta tambaya.

"Malam!" Inna ta ɗaga murya. "Zo ka ga jikanka!"

"Ba dama," ya amsa, bakinsa a jikin bango. "In na saki, ya tafi."

"Ko minti ɗaya?"

"Ko minti ɗaya. Ki gan mini shi."

Ya ji ta ja numfashi, ya ji gadon ya ɗan yi ƙara.

"To saurara," in ji Inna. "Goshin naka ne, babu tantama, Allah ya ba shi haƙuri. Hancin na Auta ne. Yatsun dogaye, yanzu haka ya damƙe mata ɗan kwali ya ƙi saki. Kana ji?"

"Ina ji," ya ce. "Ci gaba."